Harsashi Ɗaya a Buhun Masara

Sufeto Yamusa ya shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa harbin kowa ba. A Orozo yake zaune da matarsa Rosemary, wadda take saro kifi daga kasuwar Kado ta ƙyafe ta sayar.

Wata Asabar da hantsi ya zauna a baranda zai goge ƙaramar bindigarsa ta aiki. Ya zare gidan harsashi ya ajiye a kan benci. Sai ƙanensa ya kira shi a waya, suka daɗe suna maganar gona. Da suka gama ya ɗauki bindigar, a zatonsa ya riga ya duba cikinta. Ashe bai duba ba, akwai harsashi ɗaya da ya rage.

Rosemary tana tsugune a gabansa, bai fi taku huɗu ba, tana wanke tarwaɗa a baho. Ya karkatar da bakin bindigar gefe, wajen buhunan masara da ke jingine da bango, don haka hannunsa ya saba tun yana kurtu. Sannan ya danna kunamar.

Ƙarar ta cika gidan. Kaji suka watse, masara ta fara zuba daga buhu. Yamusa ya ajiye bindigar a ƙasa, ya rarrafa wurin matarsa yana duba kanta da kafaɗunta.

"Maman Ameera, ya same ki? Ki yi magana."

"Ba abin da ya same ni," ta ce. "Kunnena ne kawai yake kuka."

Ya zauna daɓas a cikin ruwan kifin da ya zube a ƙasa.

Maƙwabcinsu Baba Thaddeus, tsohon soja, ya shigo ba ko takalmi. Ya dubi buhun, ya dubi inda Rosemary take, ya ɗauki bindigar ya ja ta baya har sau biyu ya leƙa ciki.

"Cire gidan harsashi ba shi ne duba bindiga ba, Sufeto," in ji shi. "Amma wanda ya koya maka kawar da bakinta daga mutane, ka neme shi ka yi masa godiya."

Rosemary ta ce kada a faɗa wa kowa, a ce taya ce ta fashe. Yamusa ya girgiza kai.

"Allah ya rufa mana asiri, ba zan ɗora ƙarya a kai ba."

A ranar ya je ofis ya gaya wa ogarsa, Madam Prudence, yadda abin ya faru. Ta karɓe bindigar, ta ba shi takardar tuhuma, ta mayar da shi aikin tebur na wata uku. Ya ce, "Na gode, Oga," har ta ɗago kai ta dube shi.

Ya yi mako biyu yana cigiyar Sajan Enoch, wanda ya horar da su a kwaleji, kafin ya samu lambarsa. Tsohon ya yi ritaya, yana noman doya a Karshi, kuma bai tuna Yamusa ba.

"Ni ne wanda ka sa ya yi tsallen kwaɗo saboda ya nuna wa abokinsa bindiga da wasa," in ji Yamusa.

"Ai kuna da yawa," tsohon ya ce yana dariya. "Matar tana lafiya?"

"Lafiya lau, Oga. Ga ta nan ma, tana so ta gaishe ka."

Rosemary ta karɓi wayar, ta tambaye shi kwatancen gidansa, ta ce ranar Lahadi bayan coci suna nan tafe.