Jar Manhaja da Shuɗiya

Mari na biyu ne ya kai Yeimer ƙasa. Na farkon a tsaye ya shanye shi, har yana ƙoƙarin yin bayani, alhali duk unguwar an san Don Dagoberto ba ya jin bayani sai hannunsa ya gaji.

"Sake faɗa mini," in ji Don Dagoberto, yana yarfe hannu. "Uban me ya ƙona mini lasifika?"

"Maigida, manhajar ce. Ta gwaji ce, ban saya ba tukuna."

Don Dagoberto ne mai picó mafi girma a wannan gefen na birnin Cartagena, tulin lasifikun nan masu zanen kada da ake jerawa su kai tsayin ɗaki. Gobe Lahadi zai kara da picón wata unguwa, kuma ƙara kaɗai ba ta cin gasa, sai ka saki kiɗan da kunne bai taɓa ji ba. Shi ya sa ya ɗauko Yeimer ya haɗa masa sabo a kwamfuta.

Manhaja biyu Yeimer ya samo, duk masu kwaikwayon tsoffin injinan kiɗa. Jar tana da amo mai kauri da ke dukan ƙirji. Shuɗiyar kuwa siririyar murya gare ta, mai zaƙi, kuma da ita ya tsara wani karin da shi kansa yake jin tsigar jikinsa na tashi idan ya kunna. Bai taɓa yin abin da ya so kamarsa ba. Matsalar kayan gwaji ɗaya ce: jefi-jefi sukan saki wani mugun tsaki, don ka tuna ba ka biya ba. Dabarar marasa kuɗi ita ce a naɗi kiɗan gutsure-gutsure tsakanin tsaki da tsaki, sannan a ɗinke. Haka ya yi, amma guda ɗaya ya kuɓuce masa. Da safen nan da aka ƙure murya a tsakar gida, tsakin ya fito, ƙaramar lasifikar sama ta yi hayaƙi.

"Da a gaban jama'a ne fa?" Don Dagoberto ya tsugunna a kansa. "A yi ta mini dariya har jikokina? Eulises, zo ka jiyar da shi abin da ya so ya jiyar da mutane."

Eulises, ƙaton da ke ɗaukar kayan picón, ya shaƙo wuyan rigar Yeimer, ya ja shi a kan siminti, ya danna kansa cikin bakin ɗaya daga lasifikun da suka rage. Yeimer ya yi ta shure-shure. Aka mayar da kiɗan daidai wurin, aka ƙure. Tsakin ya shige shi kamar ƙusa. Aka juya masa ɗaya kunnen, aka sake. Da ya kai hannu zai toshe, Eulises ya take yatsun da takalmi, yana dariya.

"Mai kiɗa ba ya gudun kiɗa, ɗan gari."

Da aka sake shi sai da ya yi amai. Don Dagoberto ya wurga masa kuɗi a ƙirji, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya matso har Yeimer yana jin warin giyar bakinsa.

"Manhaja guda za ka saya, ba ni da kuɗin ta biyu. Gobe kafin rana ta karkata. In na sake jin tsaki, hannun zan karya."

A cikin bas bai ji kwandasta na magana ba sai da mutumin ya zungure shi. Wani siririn kuka ya cika masa kai, ya ƙi tsayawa. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya ce wa kansa kafin ya kai gida zai wuce.

Yayarsa Nelcy tana suyar arepa, wainar masara, a ƙofar gida. Tana ganinsa ta yar da cokalin.

"Wane ɗan iskan ne? Kalli kunnenka, jini ne! Tashi mu je asibiti."

"Yaya, bari. Aiki gare ni."

"Aikin banza! Sai sun kashe ka za ka huta?"

Rabin maganar a leɓenta ya karanta. Ya wuce ɗaki, ya buɗe kwamfuta da hannun da bai kumbura ba. A ransa tun jiya an gama zaɓe: shuɗiyar zai saya. Amo mai kauri kowa na da shi, amma karin nan nasa ne, shi zai sa gobe a tambayi wa ya haɗa.

Ya kunna karin a 'yan lasifikunsa na tebur. Layukan allo suka yi ta tsalle. Ya ƙara murya. Ya ƙara. Ya kara kunnen dama, ya kara na hagu, babu komai sai kukan nan na cikin kansa. Zufa ta karyo masa.

Nelcy ta shigo da tsumma da ruwan ɗumi, ta tsaya a bayansa tana gyaɗa kai duk da fushinta. Ta sunkuyo ta yi masa ihu a gefen fuska.

"Wannan kam ka yi abu! Amma rage, maƙwabta sun fara zagi!"

Yeimer ya kashe shuɗiyar, ya kunna jar, ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur. Katakon ya ɗauki rawa, amon ya hau hannunsa ya sauka a ƙirji, bugu bayan bugu, kowanne yana iya ƙirga shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya biya kuɗin jar, ya koma kan kiɗan, ya goge karin gaba ɗaya.

Nelcy ta dafa kafaɗarsa ta juyo da shi, don ya ga bakinta.

"Ina mai daɗin nan?"

"Ba ta da kyau, Yaya," in ji shi, da ƙarfin da ya sa ta ja baya. "Muryarta ba ta fita."