Ranar Gwada Injin Gwal

Injiniya na durƙushe a tsakar gida yana saka wa injin neman gwal batir, sai lalube yake, kamar ba shi ya shekara goma sha biyar yana kwance cikin fanka da dutsen guga ba. Gyaran fankar ne ya jawo masa sunan Injiniya, ba wata takarda ba. Jibi za su tsallake iyaka su uku: shi da injinsa, Direba da motarsa, sai yayan matarsa mai shagon taya, wanda ya ɗauki nauyin mai da guzuri. Fasfo ya fito, an sayi diga da shebur da jarkokin ruwa. Gwajin injin kawai ya rage.

Ya ajiye ƙusa a ƙasa, ya wuce da faifan injin ta kanta. Injin ya yi gurnani. Ya sa guntun wayar tagulla, sai injin ya saki ƙara siririya.

"Kun ji ko? Baƙin ƙarfe gurnani yake sa shi. In abin kirki ne, kuka yake kamar tsuntsu."

"Mu ba tagulla za mu nema ba," in ji Yaya. "Ba a cinikin biri a sama. A kawo gwal mu ji da kunnenmu." Ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya yana kiran ƙanwarsa, matar Injiniya. "Ke Auta! Kawo 'yan kunnen Mama."

Nan take gumi ya karyo wa Injiniya. Mako uku ke nan da ya zaro 'yan kunnen daga gwangwanin da Auta ke ɓoyewa a ƙasan kayanta. Kuɗin babur ɗinsa da ya sayar bai kai na injin ba, shi ya sa ya kai su wa maƙerin gwal, ya sayo masu kama da su sak, ƙarfe ne da aka yi wa ruwan gwal, ya mayar cikin gwangwanin. Ya ce wa ransa aro ne, in ya dawo zai ƙera mata waɗanda suka fi su nauyi. Ko sau ɗaya bai kawo cewa injin da kansa ne zai ba da shaida ba.

Auta ta fito tana goge hannu a zani. Ashe ma suna kunnenta. Ta cire su a hankali ta ajiye a kan tabarma, ba ta dubi kowa ba.

Ya wuce da faifan. Injin ya yi gurnani. Ya murɗa wannan, ya danna wancan, ya sake wucewa. Gurnani dai, irin na ƙusa.

Direba ya kwashe da dariya. "Wayyo Injiniya! An yi maka sakiyar da ba ruwa. Da wannan za mu je hamada? Sai mu dawo da buhun gwangwanaye."

Yaya bai yi dariya ba. "Ni na saya wa Mama 'yan kunnen nan da hannuna, a gabana aka auna su. Gwal ne tsantsa. Tashi mu je wurin wanda ya sayar maka da wannan tarkacen. Yau sai kasuwa ta san ɓarawo ne."

Wanda ya sayar da injin kuwa dattijo ne, maƙwabcin rumfar Injiniya, wanda ya sha tsare masa kaya in ya fita. Injiniya ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji kansa yana cewa, "Wataƙila batir ne."

"Batirin da ka ɓare yanzu a gabanmu?" Yaya ya sunkuya zai ɗauki injin.

"Yaya, bar shi," in ji Auta. "Injin lafiyarsa ƙalau. Waɗannan ba na Mama ba ne. Ni na sayar da na Mama na ba shi ya cika kuɗin injin."

Direba ya shiga neman makullin motarsa, alhali yana hannunsa.

"Abin da ya rage mana nata ke nan," in ji Yaya. "Ko shawara ba ki yi da ni ba? Haba Auta. Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba." Ya zura takalmansa. A bakin ƙofa ya ce wa Injiniya, ba tare da ya waiwayo ba, "Tafiya tana nan. Kai ba ka da laifi, abin da aka ba ka ka karɓa."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Bayan fitarsu Injiniya ya zauna a gefen tabarma, ya kasa ɗaga kai.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta janye ɗankwali ta nuna masa kunnenta. Fatar ta kumbura, wurin hujin ya yi ja.

"Tun ranar da na fara sa su. Gwal ba ya ƙaiƙayi, Maigida."

"To don me kika ci gaba da sawa?"

"Na ce ko za ka gani ka yi magana."

Ya ce zai bi Yaya yanzu ya gaya masa komai. Ta ce to. Ya miƙe har ya kai bakin ƙofa, ya tsaya riƙe da ƙyaure, ya daɗe a wurin. Daga baya ya dawo ya ce gara sai Yaya ya huce tukuna.

Auta ta tsince 'yan kunnen daga tabarma, ta ƙulle su a ƙyalle, ta buɗe jakar tafiyarsa ta cusa kusa da fasfo.

"Ka tafi da su," ta ce. "Duk inda ka ji injin ya yi irin wannan gurnanin, kada ka wahalar da kanka da haƙa."