Tarko Biyu da Ƙwaurin Abdulbaqi

Tun da aka yi ruwan Nuwamba sauro ya hana mutanen gida mai lamba sha huɗu sakat a Sanaiya, unguwar masana'antu da leburori 'yan ci-rani ke kwana a wata ƙasar Larabawa. Ba irin mai kuka a kunne ba ne. Wani ɗan baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo, shiru, sai dai mutum ya ga kumburi. Leburori biyu sun kwanta. Na ukun Alidu ne, mai gadi ɗan Kumasi, wanda gadonsa ke ƙarƙashin na Abdulbaqi. Kwanansa biyar a asibiti, yana cewa ji yake kamar ana daka masa ƙashi a turmi.

Abdulbaqi direba ne a wani ƙaramin kamfanin feshin ƙwari, kuma kamfanin nasu aka ba aikin auna sauron gidan. An ce a gwada tarko iri biyu na mako guda, a zaɓi wanda ya fi, a rubuta abin da ya kama. In sauron ya yi yawa, dole mai gida ya kwashe tsofaffin tayoyin da ke tara ruwa a bayan gareji, a yi feshi. In ya yi kaɗan, a rufe fayil, kowa ya ci gaba da susa.

Tarko na farko mai fitila ne da fanka. Na biyu wani farin bokiti ne mai baƙin baki, ana sa masa sinadari mai warin gumin mutum. Mudir, wato manajan kamfanin, wanda shi da mai gidan tare suke shan shayi, da kansa ya nuna inda za a sa su. Mai fitila a bayan gareji. Mai wari a bakin get, inda iska ke kaɗawa, manyan motoci na tayar da ƙura. Ya ce kada wanda ya taɓa.

Ranar Alhamis da la'asar Abdulbaqi ya kawo Edwin, ma'aikacin gwaje-gwajen kamfanin, ɗan Kagoro, su kwashe ragar tarkunan karo na ƙarshe. Edwin ya zazzage a kan farar takarda ya ƙirga. A mako guda mai fitila ya kama sauro biyar da tarin ƙwarin fitila. Mai wari ya kama biyu. Ya ciro takardar rahoto da biro.

"Me za ka rubuta?" in ji Abdulbaqi.

"Abin da na gani, Baba. Mai fitila ya fi, sauro kaɗan ne."

"Kaɗan? To Alidu aljani ne ya cije shi?"

"Baba, ni ba na rubuta Alidu. Raga nake rubutawa."

Ran Abdulbaqi ya ɓaci. Shi ko firamare bai gama ba, amma shekara huɗu ya yi yana wannan aikin a dajin Kurmi ta Taraba, da masu bincike, tun Edwin na tsallen igiya. Can tarko huɗu suke gwadawa, kuma kullum sai an juya su: na gindin rafi ya koma bayan bukka, na bayan bukka ya koma gonar koko. Ya faɗa wa mudir haka tun ranar farko, mudir ya ce masa, "Yalla, tafi, kai mota ce aikinka."

"Kai Injiniya," ya ce da Edwin, "da digirinka da komai. Ka sa masunci ɗaya a kogi, ɗaya a kan kwalta, ka ce kana neman gwani? Wuri kuka gwada, ba tarko ba. Kuma sauron da ke yawo da rana ina ruwansa da fitila?"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na sani, Baba. Ina da 'ya'ya uku a makaranta, kuma takarduna a hannun kafil suke, ubangidan da ya kawo mu ƙasar nan, kamar naka. Me kake so in yi?"

Abdulbaqi ya juya. Ya buɗe bayan mota ya ɗauko tiyon zuƙa, wanda ake kama sauro da shi da baki, da kofi mai raga a kai. Ya wuce bayan gareji, ya kifa wani bokitin fenti kusa da tayoyin, ya zauna, ya naɗe wando har gwiwa.

Edwin ya biyo shi a guje. "Baba, tashi! Ba a yarda da wannan a kamfani ba. Ciwon da ya kwantar da Alidu kake nema?"

"A nan nake kwana, a nan nake shanya kaya. Kullum cizona suke yi a banza. Yau dai a ƙirga. Duba agogonka."

Ba a yi minti ɗaya ba na farko ya sauka a ƙwaurinsa. Ya kai tiyo a hankali, ya zuƙa, ya hura shi cikin kofi. Hannun bai manta ba. Na biyu, na uku. Wasu sun riga shi, sun sha sun tashi, yana zaginsu har kakanninsu. Leburori 'yan Nepal da suka taso daga aiki suka tsaya daga nesa suna kallo, wani ya ɗaga waya. Tarkon fitila na rataye bisa kansa, fankarsa na juyawa, ko ɗaya bai shiga ba.

"Ya isa," in ji Edwin. "Minti talatin. Don Allah Baba ya isa."

Ya karɓi kofin ya ɗaga shi ga haske. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Talatin da bakwai, dukansu masu zanen fari. Ya dubi ƙafafun dattijon, sun yi ruɗu-ruɗu har idon sawu.

"To rubuta biyar ɗin," Abdulbaqi ya ce. "Sa hannu. In an sallamo Alidu ni zan karanta masa, ko da yake ban iya karatu ba."

Wayar Edwin ta yi ƙara. Mudir ne. Ya bar ta har ta katse, ta sake. A ta ukun ya ɗauka. Abdulbaqi na jin muryar mudir tana fitowa, ba ya gane komai sai "khalas, khalas," wato a gama kawai. Edwin ya saurara, gumi na bin goshinsa, sannan ya yi magana da Turanci a hankali, ya maimaita, ya kashe.

"Me ka ce masa?"

"Na ce gwajin bai yi ba, ba zan sa hannu ba. Sai an ƙara mako, ana juya tarkon kullum. Ya ce mu same shi a ofis ranar Lahadi, mu biyu." Ya ninke takardar ya tura aljihu. "In aka kore ni, a ɗakinku zan tare."

"Ka zo da gidan sauro."

Abdulbaqi ya sauke wandonsa. Ransa bai yi sanyi ba ko kaɗan. Mako guda aka ɓata, ga wani makon kuma, mutane na kwance. Ya taka zuwa get yana ɗingishi, ya cire wayar wutar tarko mai wari, ya rungumo shi, ya kawo shi gindin tayoyin ya dire.