Durƙuso Gaban Ƙyallaye

Wata huɗu ke nan bargon yana rataye a bayan kujera, kuma duk sanda Mai Keke ta gifta sai ta ja masa tsaki kamar da shi aka haɗa baki aka cuce ta. Mai Keke tela ce, shekara talatin da ɗoriya tana taka keken ɗinki kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Da 'yarta Auta ta samu ciki, ita da bakinta ta ce za ta ɗinka wa jaririn bargo na hannu. Mijin Auta ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, mai sanyin tsiya, kuma an tsayar da magana cewa in ta haihu ta warke za ta bi shi da ɗan. Mai Keke ta ce jikanta ba zai shiga sanyin mutane da bargon kanti mai warin roba ba. Ba wanda ya roƙe ta. Baki shi kan yanka wuya.

Fuskar bargon ba ta ba ta wahala ba. Ta zazzage buhun ƙyallayen da ta tara tun tana shago, ta yanka su daidai tafin hannu, ta haɗa a keke cikin sati guda. Abin da ya rage shi ne ɗinkin riƙo. A shimfiɗa yadin baya a ƙasa, a ɗora auduga, a ɗora fuskar, sannan mutum ya durƙusa da allura da dogon zare ya bi su da manyan taku, don kada su zame in an zo ɗinkin gaske.

Ranar da ta shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, ta ja da baya ta duba, sai ta ga abin da ta yi wa kanta. Duk ta san su. Ga koren leshin Matar Likita, wadda ta dawo da riga har sau huɗu wai wuyan ya tsufar da ita, alhali shekaru ne suka yi aikinsu. Ga atamfar wata malamar makaranta mai zuwa awo da tsamin hammata, ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota, Mai Keke tana riƙe numfashi. A tsakiya kuma, ɗas, ga jan yadin ƙanwar mijinta marigayi, wadda ta taɓa fyace hanci ta goge a labulen shagon, tana cewa ɗinki sana'ar wadda ba ta da kan karatu ce.

"Ni zan durƙusa wa waɗannan?" in ji Mai Keke. "Allah ya sawwaƙe."

Ta naɗe shi ta jefa bayan kujera. Tun daga ranar ƙura take hawansa. Wani baƙo ya goge maiƙon hannu a gefensa, magen maƙwabta ta kwana a kai ta bar gashi. Ƙyamar Mai Keke ta ƙaru, har ta rasa wa ta fi ƙyama, bargon ko ita da take zagaye shi kamar kashin kaza a bakin ƙofa.

Auta ta haihu ta hanyar tiyata, namiji, ta dawo wajen uwarta don ta samu mai kula da ita. Ba ta taɓa tambayar bargon ba, kuma wannan shirun ya fi ci wa Mai Keke rai. Da ta yi mita ma, da an samu abokin faɗa. Sati na biyar mijin ya bugo waya ya ce takardu sun fito, ranar Asabar za su tashi.

Ranar Laraba da hantsi Mai Keke ta dawo daga sayen sabulu, ta ɗaga labule, ta tsaya cik. An ture kujera gefe. Bargon yana shimfiɗe a ƙasa, yadin baya a karkace, audugar ta leƙo ta gefe ɗaya. Auta na durƙushe a kansa, hannu ɗaya dafe da mararta inda aka yanka, fil uku a bakinta, gumi na ɗiga daga haɓarta. Jaririn yana barci a kan gado.

"Ke! Me kike yi?"

Auta ta cire fil daga baki. "Riƙe shi zan yi, Umma. In na je can ko da hannu ne na lallaɓa."

"Da wannan cikin? So kike ɗinkin likita ya ɓalle mu koma asibiti? Kuma wa ya ce miki daga gefe ake farawa? Dubi yadda ya tattare kamar fatar tsohuwa. A shagona kika girma ko a shagon mai faci?"

"To ai ba ki koya min ba. Korata kike yi in na taɓa allura."

Mai Keke ta ajiye sabulun. "Bar shi. Tarkacen mutanen banza ne. Ni na yi kuskure tun farko da na tara su wuri ɗaya. Kin san na wace ce wannan jan?"

"Na Gwaggo ne," in ji Auta. "Da ragowarsa kika yi wa 'yar tsanata zani, ranar da zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta, kika kwantar da ni a ƙarƙashin tebur kina taka keke a hankali don kada in farka. Wannan koren kuma da shi kika ɗaure min yatsa da almakashi ya yanke ni. Ni ba ruwana da masu su, Umma. Ke kaɗai na sani." Ta share gumi da bayan hannu. "A can ba ni da kowa. In yaron nan ya yi kuka ba wadda zan miƙa wa. Shi ya sa nake son in tafi da shi ko a yaya yake."

Kunya ta rufe Mai Keke. Ƙatuwar mace, tela ta shekara talatin, ta tsaya tana gaba da ƙyalle har 'yarta mai ɗanyen ciwo ta durƙusa a madadinta. Tir, ta ce wa kanta.

"Tashi," ta ce. "Hau gado. In na sake ganin gwiwarki a ƙasa sai na saɓa miki."

Ta cire fil ɗin Auta ɗaya bayan ɗaya tana mita. Ta kakkaɓe gashin mage, ta wanke gefen maiƙon, ta shanya, ta goge. Bayan azahar ta ja yadin baya ya miƙe sarai, ta danne kusurwoyinsa da ƙafafun kujera da dutsen guga, ta ɗora auduga, ta ɗora fuska. Sannan ta dafa bango ta sauka ƙasa, gwiwoyinta suka yi ƙara har Auta ta ce sannu.

Daga tsakiya ake farawa, don haka da Gwaggo ta fara. Ta soka allura a jan yadin ta ce, "Ga ni, mai rashin kan karatun, na zo." Auta ta yi dariya ta kama ciki. Mai Keke ta bi su layi layi, tana shafa yadin da tafin hannu zuwa waje, tana gaya wa kowace abin da ta haɗiye shekara da shekaru. Matar Likita ta sha taku shida. Kafin la'asar ta wuce bargon ya kwanta lumui, babu tattara ko ɗaya, ita kuwa sai da Auta ta miƙo mata hannu ta iya tashi.

Alhamis ta hau keke ta yi ɗinkin gaske. Juma'a ta zare zaren riƙon, ta naɗe bakin bargon da hannu. Da aka kwantar da jaririn a kai don gwaji, ko minti biyar bai yi ba ya yi tumbuɗi a kan malamar makaranta.

"Yawwa, maigidana," in ji Mai Keke. "Ka san mutane."

Asabar da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Direba ya loda akwatuna, Auta ta shiga baya da ɗanta naɗe cikin bargon, fuskarsa kaɗai a waje. Mai Keke ta leƙa ta taga don ta gyara masa, sai yatsunta suka kama bakin bargon suka tsaya.

"Kai, wannan gefen bai yi ba," ta ce. "Dubi yadda ya karkace. Abin kunya ne a ce ni na ɗinka. Kawo in warware. Kwana biyu kawai."

"Umma."

"To kwana ɗaya. Ki buga wa mijinki waya."

Auta ta dubi gefen. Ɗinkin a miƙe yake kamar an ja da ma'auni. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsun uwarta daga bargon ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su gam a cikin nata har direba ya tayar da mota.