Tayil Hamsin da Uku

Shekara ashirin ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, amma kicin ɗin gidana siminti ne zalla, har da tsaga. In maman yara ta yi magana sai in ce wata mai zuwa. To, ba wannan ne abin kunyar da zan ba ku labari ba. Akwai wanda ya fi shi.

'Yata ta fari tana aji biyar. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Kullum da yamma in na dawo aiki, sai ta kife wani tsohon bokitin fenti a baranda ta zauna kusa da ni, ta buɗe littafin aikin gida a cinya. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba. Iyakacina in gyaɗa kai in ce, "Haka ne, ci gaba," ko da ban san inda aka dosa ba. Amma wallahi duk yinina babu lokacin da nake so kamar wannan.

Ran nan ta karanto tambaya: ɗaki mai tsawon mita huɗu, faɗin mita uku, tayil kuma santimita hamsin kowane gefe, tayil nawa ake buƙata? Na ajiye kofin shayi na gyara zama. Abin nema ya samu! Yau dai karatu ya shigo unguwarmu.

Ta yi 'yan rubuce-rubucenta ta ce, "Arba'in da takwas."

Na yi dariya har da buga cinya. "Mamana, in kika sayo arba'in da takwas, rana tsaka za ki koma kasuwa, kuma ki tarar launin ya ƙare. Na yanka fa? Na fashewa fa? A kowane goma ana ƙara ɗaya. Rubuta hamsin da uku."

"Baba, Malama ba ta ce a ƙara ba."

"Malamar taku ɗaki nawa ta taɓa shimfiɗawa?"

Maman yara ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Mamana, ka bar yarinya ta yi yadda aka koya mata mana."

Na ce mata ta ji da tukunyarta, wannan fagena ne. Na karɓi kilina da hannuna na goge amsar. Tambayoyi biyar ne, duk irin wannan, kuma duk biyar ɗin sai da na gyara su. Yarinya tana rubutawa idonta ya cika da ƙwalla, ni kuwa ina ta bayani kamar an ba ni lasifika.

Washegari na dawo da wuri, har da sayo mata biskit. Bokiti yana nan a kife, babu kowa a kai. Na tambaya, ta ce yau ba a ba su aikin gida ba. Kashegari ma haka. Rana ta huɗu na je ɗaukar tawul, sai na gan ta a bayan ƙofar ɗaki, durƙushe, littafi a kan akwati, tana rubutu da sauri kamar mai sata. Da ta gan ni sai ta tura littafin ƙarƙashin gado.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Maman yara ce ta fasa mini ƙwan. "Sifili ta ci. Kuma da yake ita ce gwanar lissafi a ajin, ita Malama ta kira gaban allo kafin ta duba littattafan. Ta rubuta hamsin da ukunka, aji ya kwashe da dariya."

Mai hankali da sai ya yi shiru ya nemi yarinya ya ba ta haƙuri. Ni kuwa wanzami ne, ba na son jarfa. Da safe na sa rigata mai kyau, na maƙale tef ɗin awo a ƙugu, na nufi makarantar in koya wa Malama lissafi.

Na same ta lokacin hutun tara, ita kaɗai a aji, tana duba littattafai da jan biro. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta kai ƙanwata ba a shekaru. Ta ba ni kujerar yara, na zauna gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. A haka na yi jawabina. Na kawo maganar kusurwa, na kawo ta bakin ƙofa, na kawo ta kwalin da ake buɗewa a tarar biyu sun tsage tun daga shago. Har na nuna mata cewa wanda ya yi musu daɓen ajin nan bai san aikinsa ba, ga layi ya karkace daga allo zuwa taga.

Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, "Ai gaskiyarka ne, Baba. In gini za a yi, hamsin da uku za a saya. Amma tambayar ba ta ce wani zai fasa ba. So nake su fara gane yadda ake samun arba'in da takwas ɗin, kafin su san abin da ake ƙarawa a kai."

Ta zaro littafin Mamana daga cikin tarin, ta buɗe shafin, ta ɗaga shi wajen hasken taga. Ƙarƙashin kowace amsa tawa ana ganin sawun fensirin da aka goge. Arba'in da takwas na nan raɗau.

"Biyar bisa biyar ta ci kafin a goge," in ji Malama. "Na tambaye ta a gaban aji wa ya sa ta canza. Ta ce babu kowa, ita ce ta ruɗe. Sau uku ina tambaya. Sai yanzu da ka shigo da tef a ƙugu na gane."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige, ni da kujerar. Yarinya 'yar shekara goma ta tsaya ana yi mata dariya don kada a yi wa ubanta, uban kuma ga shi ya kawo kansa da ƙafarsa. Sai na ji bakina yana tambaya, "To, Malama, ni me zan yi mata a gida? Karatun nan nasu ya fi ƙarfina."

"Kada ka ba ta amsa, ko ka sani. Ka ce ta nuna maka yadda ta yi. In ta yi kuskure, bar mini shi in gani, da shi nake sanin inda zan gyara. Kuma ga tef a hannunka. Yawancin yaran nan ba su taɓa auna komai ba sai a takarda."

Ranar Asabar na kira Mamana kicin. Na miƙa mata tef, na ce uwarta ta ci nasara, za a sa tayil, amma ni na gaji da lissafi, ita za ta yi. Ta dube ni da ido ɗaya, irin kallon da ake wa kare mai cizo. Na riƙe mata bakin tef a jikin bango, ta ja. Mita uku. Ta ja ɗaya gefen, mita biyu. Ta zauna a ƙasa da fensir.

"Ashirin da huɗu," ta ce, ba ta ɗago ba.

Maganar ƙari ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta da ƙyar, kamar busasshen burodi. Na ce, "Nuna mini yadda kika yi."

Ta zana kicin ɗin a takarda, layi shida nan, layi huɗu can, ta ƙirga mini gida-gida da bakin fensir. Shekara ashirin ina wannan lissafi da ka, ban taɓa ganin sa a zane ba. Na ce mata haka, kuma ba don in faranta mata ba ne, gaskiya ce. Sai ta ja layi a ƙasa ta ƙara rubutu, ta miƙo mini takardar. Ta rubuta: "Na Malama, 24. Na Baba, 27, don yana fasawa."

Maman yara ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ni kuwa na rantse a raina ko ɗaya ba zan fasa ba, in nuna musu gwaninta. Na sayo tayil na fara aiki, kafin azahar na fasa uku. Mamana tana zaune a bakin ƙofa tana ƙirga mini su da ƙarfi.

Ranar Litinin da yamma na dawo na tarar da ita a kan bokiti, littafi a buɗe a cinya, ta ajiye mini kujerata a gefe. Na zauna. Kafin ta karanto tambayar farko sai ta tashi, ta shiga kicin, ta ba uwarta ajiyar kilina, sannan ta dawo ta zauna.