Ganga a Gonar Riɗi

Ranar da Huseina ta sauko daga lorin Gadarif da na'urar ɗaukar murya rataye a kafaɗa, kowa ya yi wa ubanta Gado barka. Gado ya amsa, amma ya san wannan zuwan sai ya haɗa shi da mutanen gari.

Huseina tana koyarwa a jami'a a Hartum, sai dai ba a tabbatar mata da aikin ba. Nazarinta a kan yadda kiɗa da waƙa ke haɗa mutane wurin aiki ne, da abin da ke samun makaɗa idan tarakta ta shigo gari. Gado, wanda karatunsa bai yi nisa ba, ya kasa gane yadda za a riƙe mutum aiki don ya saurari ganga. Abin da ya gane shi ne, babban malaminta, wanda take kira Duktur, zai zo ya ga gayyar yankan riɗi da idonsa, kuma abin da ya gani shi zai sa a riƙe ta ko a sallame ta.

Ga shi a wannan makon ne lajana, wato kwamitin gwamnati mai rabon ƙasa, za ta zagayo ƙauyukan Ƙala'at an-Nahal. Gonakin tarakta sun cinye daji har bakin gari, mutane kuwa sun daɗe suna roƙon a yanka musu nasu. Bayan la'asar Shehu Jibril, mai unguwarsu, ya ja Gado gefe.

"Ya Gado, 'yar taka da alheri ta zo ko da fitina?"

"Da karatu ta zo, ya Shehu."

"Karatun ganga? Mu ma ashe duk malamai ne ba mu sani ba." Ya rage murya. "Na gaya wa kowa, lajana in ta zo, Larabci kaɗai za ta ji. Ganga ɗaya ta yi ƙara, sai su ce baƙi ne, su koma inda kakanninsu suka fito. Kai ne ubanta, ka hana ta. Kuma tsohuwarka Hawwa, Larabcinta bai nuna ba, ranar ka bar ta a ɗaki."

Gado ya ce to, ya kama hanyar gida yana jin maganar ƙarshen nan tana ci masa rai.

Ya tarar da Huseina tana tankaɗe wa uwarta garin dawa. Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ko za ta ɗage zuwan Duktur.

"Baba, riɗin zai jira mu?"

Gado ya san ba zai jira ba. Riɗinsa ya nuna, kuma wanda aka bari ya wuce lokaci, kwansonsa fashewa yake yi ya zube a ƙasa.

"To bayan lajana ta tafi," in ji shi, "sai mu tara mutane a tsakar gida a buga muku."

"Wannan wasa ke nan. Duktur zai ce ina laujen, ina gumin? Kiɗan da ke jan masu yanka shi na rubuta a kansa." Ta ajiye rariyar. "Baba, in ka ce kar in yi, wallahi ba zan yi ba. In koma Hartum in kwaso kayana, khalas, shi ke nan."

Da ta yi masa gardama da ya fi jin sauƙi. Ya fita, ya wuce ƙofar ɗakin uwarsa. Tsohuwar tana zaune tana ɓare gyaɗa, tana 'yar waƙarta. Matar nan tun tana budurwa take kai wa masu sassabe ruwa a dajin da yau ake cewa ba nasu ba ne. Ita ce zai rufe a ɗaki kamar kayan sata?

Bai tsaya ba sai gidan Ɗan'auta makaɗi, wanda furfura ta rufe shi amma sunan ya ƙi barinsa. Tun da taraktoci suka zo, gadin man gas yake yi a gonar wani attajiri.

"Ina gangar?" in ji Gado.

"Tana rumbu, ɓeraye na karatu a kanta. Shehu ya ce in na taɓa ta, in nemi wani garin."

"Gonar Shehu na ce ka je? Tawa ce. Jibi da hantsi."

Ɗan'auta ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Gado, da inuwarka ma ke ba ka tsoro?"

"Har yanzu tana ba ni. Ka dai gyara fatar."

Ranar gayya Duktur ya iso, wani siririn mutum mai tabarau, ya tsaya bakin gona da Huseina. Masu yanka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, duk dangin Gado ne. Ɗan'auta ya saɓa ganga ya fara, da fari a hankali, kamar mai neman gafara. Da hannunsa ya warware sai ya shiga kiran mutane da sunan iyayensu, yana yi wa wanda ya noƙe a gida ba'a. Can sai ga wani maƙwabci, Sale, ya ɓullo da lauje yana cewa wucewa kawai yake yi. Bayansa wasu suka biyo. Hawwa ta zo tana dogara sanda, ta rangaɗa guɗa, layin masu yanka ya miƙe yana tafiya da kiɗan.

Ana cikin haka motar lajana ta tsaya a kan hanya, Shehu Jibril na ciki. Wani jami'i ya sauko. Laujuna suka tsaya cak. Gado ya waiwaya ya ce wa Ɗan'auta, "Wa ya ce ka daina?"

Jami'in ya tambaya da Larabci, gonar wa ce, kuma su wane ne waɗannan.

"Tawa ce," in ji Gado da Larabcinsa na kasuwa. "Mu Hausawa ne, nan aka haife mu. Waccan uwata ce, waccan kuma 'yata ce, malama a jami'a. Riɗi muke yanka."

Jami'in ya ɗan saurari kiɗan, ya gaisa da Duktur, ya koma mota. Shehu bai ko dubi Gado ba.

Kafin azahar aka gama yanka, aka jingine dammunan su bushe. Duktur ya sha shayi, ya yi wa Ɗan'auta tambayoyi masu yawa, ya tafi bai ce wa Huseina ya yi ko bai yi ba. Ita ma ta bi lori ta koma Hartum.

Shehu Jibril ya daina amsa gaisuwar Gado. Har yau lajana ba ta aiko da magana a kan ƙasar ba, kuma ba a san ko jami'a za ta riƙe Huseina ba.