Ɓerayen Layin Ƙasa

A cibiyar binciken magunguna ba wanda ke kiranta da sunanta. Uwar Ɓeraye kowa ke ce mata, don ɗakin gwajinta ne ke kiwon fararen ɓerayen da ake gwada magani a kansu. Ɗakin da ke kallon nata kuwa na malaminta ne, dattijon da ya koya mata riƙe allura tun tana ɗaliba. Shi ake yi wa laƙabi da Baba Ƙoda, saboda shekara ashirin da biyu bai binciki komai ba sai ciwon ƙoda a jikin yara.

Ranar Litinin aka liƙa sanarwa a allo: cikin ɗakunan nan biyu za a rufe ɗaya, mai ɗakin kuma ya tafi gida. Yadda za a zaɓa? Ai an huta da gardama. Za a buɗe kwamfuta a ƙirga takardun da kowa ya buga a mujallu, sannan a ƙirga sau nawa sauran masu bincike suka ambace su a nasu rubutun. Mai yawan ambato shi zai zauna. Wai wannan ne adalci, tunda lamba ba ta da ɗan'uwa. Kai, duniya! Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen madubin likita, a zo a auna shi kamar buhun siminti.

Ita ba ta ma buƙatar buɗe kwamfuta, ta san lambar da ka. Shekara shida da suka wuce ta buga takarda cewa wani sinadari yana kare ƙodar ɓeraye daga lalacewa, kuma takardar nan ita kaɗai an ambace ta sau ɗari uku da sha biyu. Na Baba Ƙoda duka, in an tattara su, ba su kai sittin ba. Ta ci tun kafin a fara. Amma ta san abin da kwamfuta ba ta sani ba: abin da ke cikin takardar ba gaskiya ba ne.

A yi mata adalci, ba ƙarya ta shara ba. Ƙa'idar aikin ita ce a cakuɗa kejin ɓeraye a kan kanta, kada waɗanda aka ba magani su taru waje ɗaya. Ita a lokacin tana da tsohon ciki, ga mantuwa, sai ta jera masu shan magani a layin sama, marasa sha a layin ƙasa, don kada ta rikice. Ashe bututun da ke kai wa layin ƙasa ruwan sha yana yawan toshewa. Ƙishirwa ce ta lalata ƙodar na ƙasa, na sama kuwa suna shan ruwansu lafiya lau, aka ce magani ne.

Baba Ƙoda ne ya gano. Ya yi murna da takardarta fiye da kowa, yana ganin an samo wa yaransa masu ciwon ƙoda mafita, ya ajiye nasa aikin ya shekara uku yana maimaita gwajin. Shiru. Daga ƙarshe ya tono littafin masu gyara na cibiyar, ya ga sau huɗu aka gyara toshewar bututun a watannin da ta yi gwajin. Bai tona mata asiri ba. Ya ajiye mata littafin a tebur ya ce, "'Yata, ki rubuta wa mujallar da hannunki, ya fi miki mutunci." Shi kuma ya buga 'yar takarda cewa ya gwada bai ga komai ba. Sau tara aka ambace ta.

Ta ce za ta rubuta. Yau ne, gobe ne, har shekara ta zagayo. Lambar kuwa sai hawa take yi, don kusan rabin masu ambatonta cewa suke yi su ma sun gwada ba su gani ba. Kwamfuta ina ruwanta? Yabo da zagi duk ɗaya ne a wajenta.

Da safiyar Talata ta gaya wa maigidanta tana so ta faɗi gaskiyar takardar, yana tsaye yana goge rigar aiki, ƙaramar 'yarsu na neman takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Ya ɗora dutsen gugan ya dube ta. "Ke yanzu wa ya tambaye ki? A bar kaza cikin gashinta mana. Mutum huɗu ke aiki a ƙarƙashinki, su kuma ina za su?"

"Shi fa Malam?"

"Malam ya ci zamaninsa. Ke ce kika rubuta ƙa'idar ƙirgar?"

Haushinsa ya kama ta, ba don komai ba sai don ita ma abin da take ta gaya wa kanta ke nan shekara guda. Tana isa ofis ta rubuta wa mujallar, ta roƙi a janye takardar. Kafin azahar amsa ta zo: sun gode, za su duba, abin yakan ɗauki wata shida zuwa tara.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ɗakin taro na bene. An haska sunayensu biyu a bango, kowa da lambarsa a gabansa. Baba Ƙoda na zaune a gefe, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya sa rigarsa mai kyau. Kafin shugaban kwamitin ya buɗe baki ta miƙe ta zayyana komai, kejin, bututun, littafin masu gyara, har shekarar da ta yi tana noƙewa. Kunya kamar ta nutse, amma ta kai ƙarshe.

Shugaban ya cire tabarau ya goge. "Dakta, mun gode da wannan gaskiya, za a sa a rubuce. Mujallar ta janye takardar?"

"Ba tukuna ba, ranka ya daɗe."

"To a idon ƙa'ida tana nan. Ko an janye ma, ambaton da aka yi an riga an yi."

"Ku karanta mana! Shafi takwas ce kawai. Ku karanta tasa ku karanta tawa."

"Ni masanin ƙididdiga ne, wannan lauya ce, wancan injiniya. Mu karanta mu gane me? Kuma in muka fara, gobe kowa ya ce an yi son kai. Don haka aka kawo lamba."

"To ni na sauka. A rufe nawa a bar nasa."

Ya girgiza kai, kamar mai tausaya mata. "In kin tafi sai mu nemo wani mai lamba daga waje ya zauna a kujerarki. Mu ma da lambar ake auna mu a sama. Ɗakin Malam dai rufe shi za a yi."

Ta juya ta dubi malaminta, ko zai ce wani abu. Sai ya yi mata alama da hannu ta zauna, kamar yadda yakan yi in ta cika surutu a aji. Ta zauna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ita ce gardin kuma, a gaban kowa.

Bayan mako biyu ma'ajin cibiyar ya shigo mata da fom da biro. An ba ta ɗakin Malam ta faɗaɗa wajen ɓerayenta, saura ta sa hannu a kashe babbar firizar da ke lungu a fitar da ita. Suka shiga ɗakin, ta sa safar hannu ta buɗe firizar, sanyi ya bugi fuskarta. Ƙananan kwalabe ne dubbai, jini da fitsarin yara masu ciwon ƙoda, kowace da rubutun hannunsa: shekarun yaro, ranar ɗiba, wasu da ɗan jan layi a ƙasa, wato yaron ya rasu. A tata firizar aljihu ɗaya ne kacal ba kowa.

Ta kira shi a waya. Ya daɗe kafin ya ɗauka, tana jin ana ban ruwan shuka a kusa da shi.

"Malam, aljihu ɗaya gare ni. Waɗanne zan ɗauka?"

 Ya ce, "Iyayensu na yi wa alkawari ba za su tafi a banza ba. Wanne zan ce miki ki bari?" Ya numfasa. "Ki sa musu hannu, 'yata. Kada ki tsayar da mutane."

Ma'ajin ya miƙo biro. Ta karɓa da safar a hannunta, ta sa hannu, rubutun ya karkace. Ya sunkuya bayan firizar ya zare wayar, gurnanin injin ya tsaya.